Bakan Gizo: Ginin Majami'u da Fasahar Maginan Hausa

Jama'a, matsalar da ta fi damun magina tun zamanin da ita ce yadda za a rufe ɗaki mai faɗi ba tare da an cika shi da ginshiƙai ba. Maginan majami'u a ƙasashen Turai sun warware ta da dutse. A babbar majami'ar Durham ta Ingila, wadda aka soma ginawa a 1093, an sassaƙa duwatsu aka jera su baka-baka, bakuna suna ratsa juna, kowane dutse yana danne ɗan'uwansa. Amma irin wannan baka yakan tura bango waje, saboda haka tilas a tokare shi da kauri ko da madogara.

Maginan Hausa kuwa wata hanya suka bi, wato azara da tubali. Azarar giginya gara ba ta cinta da sauƙi, sai dai ba ta iya ɗaukar nauyi in tazara ta yi nisa. Don haka sai magini ya kafa azara a jikin bango ta leƙo kaɗan, ya ɗora wata ta zarce ta, daga ɓangarori biyu, har su haɗu a tsakiya, sa'an nan a yaɓe da ƙasa. Wannan shi ne bakan gizo. In bakuna suka gitta juna kuwa, sai a ce ɗaurin guga.

Gwanin wannan aiki shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu (1834-1846). Daga baya, a 1929, da 'yan mishan suka gina majami'ar St. Bartholomew a Wusasa, ba su ɗauko fasalin Ingila ba, ginin ƙasa irin na Hausa suka yi.

To, ga abin lura. A watan Agusta 2023 wani sashe na masallacin nan na Zariya ya rufta, aka yi hasarar rayuka. Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe da gyara kowace shekara, da magini wanda ya san sirrinsa. Ɗalibin da ya fito daga Birnin Kudu ko Gwaram, in ya koma gida, ya nemi tsofaffin magina, ya auna sorayen da suka rage, ya rubuta abin da suka gaya masa. Ma'aikatan hukuma kuma su tuna, in gwani ya rasu bai koyar da kowa ba, siminti ba ya maye gurbinsa.