Ciwon jiki da na gaɓoɓi ga ɗaliban aikin likita

Ɗalibin aikin likita yana koyon warkar da mutane, amma shi ma bai tsira daga ciwo ba. A makarantun likita na ƙasashe da yawa, har da jami'o'in Yamai, Maraɗi da Damagaram, karatun yana ɗaukar shekaru, kuma abin da ɗalibai suka fi kuka da shi shi ne ciwon wuya, kafaɗu da ƙugu. Ƙungiyar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce a shekara ta 2020 mutum miliyan 619 suka yi fama da ciwon ƙugu.

Babban dalili shi ne daɗewa a zama guda ba motsi. Kan babban mutum yana da nauyin kilo 5 ko kusan haka, kuma ƙasusuwa 7 na wuya ne ke ɗauke da shi. Idan kai yana tsaye, nauyin ba ya damun wuya. Idan aka duƙar da shi bisa littafi, kwamfuta ko salula, sai tsokar wuya da ta kafaɗa su yi ta ja, kamar igiyar guga cike da ruwa, har su gaji su sanƙare. A asibiti kuma akwai doguwar tsayuwa a ɗakin tiyata, da duƙawa bisa gadon majinyaci, da ɗaga shi. Gadin dare yana hana barci, fargabar jarrabawa tana ɗaure jiki. Rashin motsa jiki da tsohon rauni suna ƙara haɗarin.

Mai koyon karatu a ajin yaƙi da jahilci, wanda ke rubutu bisa gwiwa a kan tabarma, wuyansa yana shan irin wannan wahala. A tashi a miƙe bayan kowane rabin awa, a ɗaga littafi kusa da ido. In za a ɗauki kaya, a tsuguna a tashi da ƙarfin ƙafafu.

Mafi yawan wannan ciwo yana wucewa cikin ƴan makonni. Kada a nemi sauƙi wurin masu tallar ƙwayoyi: tramol yana kama mutum har ya kasa bari, yawan shan dikulofenak kuma yana ɓata ciki da ƙoda. Amma in ciwon ya zo da zazzaɓi, rama, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, a tafi likita ba da jinkiri ba, domin tarin fuka yakan kama ƙashin baya.