Bambancin gudu da sauyin gudu a kimiyyar fiziks

Gudu shi ne tazarar da abu ke ci cikin wani lokaci, kamar motar da ke shafe kilomita 100 a sa'a guda. Sauyin gudu kuwa shi ne yadda gudun ke ƙaruwa, ko raguwa, ko canza alkibla a kowace daƙiƙa. Motar da ta miƙe sambal a kan gudu ɗaya, komai tsananinsa, sauyin gudunta sifili ne.

A 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa ƙarfi ne ke haddasa sauyin gudu. Shi ya sa a haɗarin mota, tsayawar farat ɗaya ce ke illata fasinja, musamman wanda bai ɗaura bel ba.