Daga Rumbu zuwa Kanti: Tarihin Tanadin Abinci a Gidan Bahaushe

Tanadin abinci a ƙasar Hausa ya ginu ne bisa gajeriyar damina da dogon rani, domin abin da aka girbe da kaka shi ake so ya kai gida har wata kaka. Saboda haka aka raba nauyin gida biyu: maigida ke riƙe da rumbu, wato ɗakin laka ko na zana da ake ɗorawa kan duwatsu don tsare dammunan gero da dawa daga laima da gara, uwargida kuwa ita ke da tukwane da ƙoren da ake adana kayan miya, irin su garin kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi da barkono.

Hanyoyi biyu ne suka riƙe wannan tsari, shanya da ruɓarwa, kuma daddawa ta haɗa su duka. Ana dafa ƙalwa, wato ƙwayar ɗorawa, tsawon yini, a sussuke ɓawonta, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa, kafin a kirɓa, a dunƙula, a shanya. Abin da ke fitowa yana iya yin watanni bai lalace ba, kuma fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsa furotin ne, sinadarin da ke gina jiki, don haka gidan da nama bai cika shigarsa ba yakan sami wani ɓangare na amfaninsa a cikin miya. Gishiri kam sai an saya, kuma daga nesa yake zuwa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya isa Kano a 1851, ya biyo ayarin Abzinawa masu ɗauke da gishirin Bilma ne daga ƙasar Azbin.

Bai kamata a ɗauki wancan zamani tamkar na wadata ba, domin rumbuna sukan yi ƙasa a tsakiyar damina, yunwar 1913 zuwa 1914 ta kashe jama'a da yawa, kuma maƙoƙo, ciwon kumburin wuya da ƙarancin aidin ke jawowa, ya daɗe a wasu yankuna kafin Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri a farkon shekarun 1990.

Sauyi ya soma ne da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da cinikin gyaɗar da ya biyo baya, wanda ya sa kuɗi a hannun manomi, ya kuma ƙarfafa a shekarun 1970, lokacin da arzikin man fetur ya cika kasuwanni da shinkafa 'yar waje da fulawa da sukari. Ɗanɗanon Maggi, wanda asalinsa na ƙasar Suwizalan ne, ya shiga tukunya ya ture daddawa gefe, ko da yake kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini. Injin niƙa ya sauƙaƙa wa mata wahalar turmi, wannan kuwa ba ƙaramin alheri ba ne, amma farar shinkafar da ta maye gurbin gero a birane ta rasa dusar da ke rage saurin hauhawar sukari a jini. Shi ya sa a yau likitoci kan umarci masu ciwon sukari da hawan jini su rage dunƙule, su nemi wake da acca da zogale, kayan da ɗan birni ke saye da mudu a hannun 'yan ƙauye.