Tabon Tawada a Fuskar Waya

Wata rana a shirinmu na safe, wani mai sauraro ya bugo ya ce wayarsa ta faɗi, fuskarta ta yi baƙin tabo kamar an zuba tawada. Ya tambaye ni ko akwai ruwa a ciki. Na yi dariya na ce babu. Da na bincika, sai na tarar ya fi ni kusa da gaskiya.

Labarin ya faro a 1888 a birnin Prague. Wani masanin tsirrai ɗan Ostiriya, Friedrich Reinitzer, ya ɗora wani sinadari da aka samo daga kolestarol a wuta, sai ya ga yana narkewa sau biyu. A digiri 145.5 ya zama ruwa mai kama da farau-farau, a 178.5 kuma ya tace garau. Ya aika wa Bajamushe Otto Lehmann, masanin fiziya. Lehmann ya duba da madubin ƙara girma, ya ga abin yana kwarara kamar ruwa amma yana sarrafa haske kamar ƙanƙarar dutse. A 1889 ya raɗa masa suna kiristal mai kwarara. Wasu manyan masana suka ce gauraye ne kawai.

Wanda ya gano sirrin shi ne Daniel Vorländer na jami'ar Halle a Jamus. Ya haɗa ɗaruruwan sinadarai, ya lura cewa waɗanda ke shiga wannan hali ƙwayoyinsu dogaye ne miƙaƙƙu. Kamar karan dawa ne da ruwa ya ɗauko: kowane yana tafiya, amma duk sun fuskanci gefe guda. Duk da haka aka yi shekaru ana ɗaukar aikin abin sha'awa kawai.

Sai a 1968 kamfanin RCA a Amurka ya nuna allon da ke aiki da shi, inda lantarki ke juya ƙwayoyin. Sinadaran farko ba su da ƙarko, har George Gray na jami'ar Hull a Ingila ya fito da wasu a 1973 masu jure yanayin ɗaki. Daga nan agogon hannu, kalkuleta da talabijin suka samu.

Ashe haske ma yana iya juya su. Tun 1937 G. S. Hartley ya nuna cewa hasken rana yana tanƙwara ƙwayar azobenzene, ta tashi daga miƙaƙƙiya ta koma kamar lauje. In aka sa ta cikin sahun, tana tanƙwarewa sai sahun ya watse. Wani hasken ko zafi ya miƙe ta, sahun ya dawo. A 2003 Tomiki Ikeda da abokan aikinsa a Japan suka yi siririyar leda da ke lanƙwasa da kanta in an haska ta, babu batir babu inji.

Shekara 80 ke tsakanin tukunyar Reinitzer da allon RCA. Nakan tuna wannan duk lokacin da na ji ana tambayar ɗalibin kimiyya, cikin ba'a, me bincikensa zai ƙara a tukunyar gida. Washegari na nemi afuwar mai saurarona a iska, na ce masa tabon nan wurin da sahun ya watse ne.