Wane Suna Za a Ba Kuɗin Nan?

Ranar da gwaggota ta dawo daga wurin biya, ta zauna bisa tabarma ta kwance bakin zanenta, ta ƙirga 'yan dubu-dubu guda goma, ta tofa yawu a yatsa ta sake ƙirgawa. Na ce, "Gwaggo, shi wannan kuɗin me sunansa?" Ta ce, "Ɗan nan, kuɗin gwamnati mana." Maƙwabciyarta da ke zage zogale a gefe ta ce a'a, kuɗin Abacha ne. Jikar Gwaggo kuwa ta ce ita a rediyo tallafi ta ji ana cewa.

Duk cikinsu babu wadda ta yi ƙarya. A 2016 gwamnatin Buhari ta soma bai wa gidaje marasa ƙarfi Naira 5,000 a wata, ana haɗa na wata biyu a biya a tashi ɗaya, kuma galibi a hannun mace ake damƙawa. Wani kaso na kuɗin ya fito ne daga dala miliyan 322 da ƙasar Suwizalan ta amince a 2017 ta maido daga abin da aka wawure a zamanin Janar Sani Abacha, bisa sharaɗin a zuba su a wannan shiri, Bankin Duniya na sa ido. A ganina mai zagar zogalen ce ta fi kowa kusa da tushe. Dukiyar jama'a ce aka sace, aka dawo da ita. Wanda aka maido wa akuyarsa da ta ɓace ba a ce an yi masa kyauta.

Amma sunan da ya zauna shi ne tallafi, kuma kalma ce mai kyau tun asalinta. Tallafa aikin tafin hannu ne. Ungozoma tana tallafe kan jariri, mai ɗaukar tulu tana tallafe gindinsa har ya daidaita a kan gammo. Hannun daga ƙasa yake, kuma ba a janye shi sai abin ya zauna. Haka a da idan mace ta karɓi ɗan 'yar'uwarta ta riƙe, ɗan tallafi ake ce masa, riƙon kuma ba na kwana uku ba ne, sai ta ga aurensa. Ashe kalmar ɗauke take da alkawari: ba zan sake ka ba sai ka tsaya da ƙafarka.

Yau an ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta. Rangwamen farashin fetur tallafi ne, buhun shinkafar da ake wawaso a kansa tallafi ne, taliyar ɗan takara ma tallafi ce. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, a watan Oktoba kuma aka ƙaddamar da wani tallafin, Naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. Wannan na biyun aka yi masa laƙabi da na "rage raɗaɗi". Laƙabin ya faɗi gaskiya, domin maganin rage raɗaɗi ba ya warkar da ciwo. Sai dai hannun da zai janye bayan wata uku bai cancanci tsohon sunan nan ba. Agaji ne, irin wanda ake kai wa wanda gobara ta ci, kuma agaji ba abin raini ba ne. A dai kira shi da sunansa.

Sunan da na fi tsoro shi ne sadaka. Ba don sadaka ba ta da daraja ba, sai don abin da take yi wa harshen mai karɓa. Wanda aka ba sadaka godiya ce tasa. Ba ya tambayar me ya sa ta wancan watan ba ta zo ba, ba ya cewa an rage masa. Ni kuwa na san dattawan da za su gwammace su kwana da yunwa da a gan su a layin sadaka. Malamanmu sun daɗe da raba wannan gardama ta wata fuskar: zakka ba alfarmar mai dukiya ba ce, haƙƙi ce ta waɗanda aka ambata su takwas a cikin Suratut Tauba. Malikawa har sun bambanta faƙiri, wanda abin hannunsa ba zai kai shi shekara ba, da miskini, wanda ba shi da komai. Wannan ma'auni na abincin shekara ya fi dacewa da ƙauye fiye da lissafin dala nawa mutum ke kashewa a yini, domin talaucin manomi a rumbu ake auna shi.

Duk wanda ya zauna a karkara ya san yadda abin ke tafiya. Da kaka hatsi na araha, a lokacin ne kuma mai ƙaramin ƙarfi yake sayarwa don ya biya bashi. Kafin damina ta yi tsakiya rumbu ya yi ƙasa, tiyar da ya sayar da arha yanzu ita yake nema da tsada. Sai ya bar gonarsa ciyawa na ci ya tafi ƙwadago a ta wani, don a ɗora tukunya da dare. Gonar da ba a yi wa noma a kan kari ba kuwa ba ta cika rumbu, baɗi sai a koma gidan jiya. 'Yan dubban da suka iso a watan Yuli ko Agusta nan suke tare ɓaraka, su bar mutum a gonarsa kwanakin da gonar ta fi buƙatarsa. Kuma ba rance ba ne, babu mai zuwa da kaka yana sallama a ƙofar gida. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Na ga yadda dubu goman Gwaggo ta watse kafin la'asar. Ta aika aka biya mai shago bashin sabulu da manja. Ta sa aka auno gero. Ta ware na maganin zazzaɓin jikanta, ragowar kuma ta ƙulle don zubin adashe, domin tana da niyyar 'yar akuya idan ɗaukarta ta zo. Babu ma'aikacin ofis da zai iya yi mata wannan rabon daga nesa. Da buhun masara aka ba ta, da sai ta sayar da rabi a karye kafin ta sami kuɗin magani.

A Nijar, inda aka fara irin wannan shiri tun 2011 da jaka goma ta sefa a wata har shekara biyu, an raɗa wa kashi na biyunsa sunan Hausa: Wadata Talaka. Sunan yana da daɗin ji, amma ya yi wa jaka goma yawa. Wadata ita ce a ci a ƙoshi har a ba wani. Talaka kuma a asali ba lalle matsiyaci ba ne, duk wanda ba ya cikin sarauta talaka ne, ko da shanunsa ɗari. Tsakanin tsiya da wadata Bahaushe yana da wani matsayi da babu takardar gwamnati da na ga ta ambata, wato rufin asiri: ka ci, ka sa sutura, baƙo ya zo a ba shi fura, maƙwabci bai san abin da ke cikin tukunyarka ba. Shi ne abin da kuɗin nan ke iya saye idan yana zuwa a kan lokaci kuma an san ranar zuwansa.

Da zan tashi na sake tsokano zancen, na ce, "To Gwaggo, in ke aka ba raɗin suna fa?" Ta ɗaure bakin zanen tam, ta soke shi a ƙugu. Ta ce, "Ni dai wata biyu ke nan ban aika yaro gidan kowa da ƙwarya ba."