Harsashin farautar manyan namun daji

Harsashin farautar manyan namun daji shi ne wanda ake ƙerawa domin harbin barewa da dabbobin da suka fi ta girma, kamar ɓauna da giwa. Ana zaɓensa ne bisa nauyinsa da kuma yadda aka gina shi. Manufar ita ce dabba ta mutu da wuri, kada ta tsere da rauni ta je ta sha wahala a daji.

Nauyi

Ana auna nauyin harsashi da ma'aunin giren. Giren ɗaya kusan giram 0.065 ne. Bindiga ɗaya takan ɗauki harsasai masu nauyi daban-daban. Misali, samfurin .30-06 Springfield, wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1906, yana da na giren 150, 165 da 180. Mafarauta sukan ɗauki na 150 don barewa, na 180 kuma don manyan dabbobi irin su mus na Arewacin Amurka. A samfurin .270 Winchester, wanda ya fito a 1925, na giren 130 ne ya fi shahara wajen farautar barewa.

Harsashi mara nauyi ya fi gudu idan ya bar bakin bindiga, kuma bindigar ba ta bugun kafaɗa sosai. Mai nauyi kuwa, idan faɗinsu ɗaya ne, ya fi tsawo, ya fi kutsawa cikin tsoka da ƙashi.

Ire-ire

Mai taushin baki: cikinsa dalma ce, an lulluɓe ta da jan ƙarfe, an bar bakin a buɗe. Idan ya shiga jiki sai ya baje kamar laima. Core-Lokt na kamfanin Remington, wanda ya fito a 1939, yana cikin wannan rukuni.

Mai ɗaki biyu: John Nosler ya fara sayar da shi a 1948 da sunan Partition, bayan harsashinsa ya kasa kutsawa jikin wani mus a Kanada a 1946. Gabansa yana bajewa, bayansa kuma ya tsaya cur ya ci gaba da kutsawa.

Na jan ƙarfe zalla: babu dalma a cikinsa, kuma ba ya rasa nauyinsa sosai bayan ya daki dabba. Kamfanin Barnes ya fito da irinsa a 1989.

Daskararre: ba ya bajewa ko kaɗan. Da shi ake harbin giwa da dorina, inda ake bukatar ratsa fata mai kauri da ƙashi.

Idan harsashi ya yi taushi da yawa, yakan farfashe a kafaɗar babbar dabba kafin ya kai huhu ko zuciya. Idan kuma ya yi tauri da yawa, sai ya ratsa ƙaramar barewa ya fita, ya bar ɗan siririn rauni.

Dokoki

A Ingila da Wales, dokar barewa ta 1991 ta wajabta amfani da harsashi mai bajewa, kuma ga manyan nau'o'in barewa faɗinsa kada ya gaza inci 0.240. A ƙasashen Afirka da dama, samfurin .375 ne mafi ƙanƙanta da aka amince da shi wajen farautar dabbobi masu haɗari. Fitaccen cikinsu shi ne .375 H&H Magnum, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912.

Jihar Kalifoniya ta Amurka ta haramta farauta da harsashin dalma gaba ɗaya daga 1 ga Yuli, 2019. Babban dalili shi ne gubar dalma da ke kashe tsuntsun kondo, wata babbar ungulu da ke cin ragowar dabbobin da aka harbe.