Man Shafawar Jalinus

Jalinus, likitan da aka haifa a shekarar 129 a Fargamu, cikin Turkiyya ta yau, shi ake jingina wa wani haɗin man shafawa da mata ke yi a gida har gobe. Ana narka kakin zuma cikin man zaitun, a riƙa ɗiga ruwan wardi ana burkawa har ya yi fari fat ya kama jikinsa. Da an shafa, ruwan ya bi iska, fata ta ɗau sanyi.

Aibinsa saurin lalacewa ne, don man zaitun ba ya jimirin ajiya. Shi ya sa masana'antu suka koma man da ake tacewa daga ɗanyen fetur. Kantunan magani a Faransa na sayar da irinsa har yau.